Shaidar mai duba madatsun ƙasa: yadda ƙaramin dam ke rayuwa da abin da ke kashe shi

Sana'ata ita ce gina ƙananan madatsun ruwa na ƙasa, da duba waɗanda wasu suka gina. Ba irin manyan nan na gwamnati da ake samar da lantarki da su ba. Ina nufin dam ɗin da mutum ɗaya, ko iyali, ko wata gona ke tarewa a kwarin da ya ratsa filinsu, mai tsayin mita huɗu zuwa takwas, don shayar da dabbobi, noman rani ko kiwon kifi. Hukumar duniya mai kula da manyan madatsu, ICOLD, ba ta lissafa dam cikin manya sai ya kai mita 15, ko kuma ya wuce mita 5 yana riƙe da ruwa sama da kubik mita miliyan 3. Duk abin da ya gaza haka ƙarami ne. Ƙananan kuwa su ne suka fi yawa, su ne kuma ba a cika leƙawa ba. A Amurka, inda aka yi rajistar madatsu fiye da 90,000, sama da rabinsu a hannun masu zaman kansu suke.

Shaidar da zan bayar ita ce: ba kasafai ruwan sama kaɗai ke ɓalle irin wannan dam ba. Ruwan sama ƙarasa aiki yake yi. Wanda ya fara aikin, galibi, mai dam ne da hannunsa, shekaru kafin ranar, kuma ba da mugun nufi ba.

Rayuwar dam tana farawa ne a ƙarƙashin ƙasa, wurin da ba wanda zai sake gani. Kafin a zuba ko tifa ɗaya, sai an kankare ƙasar sama duka, da ciyawa da saiwoyi da taɓon kwari, aƙalla santimita 30, a tura ta gefe. Sannan a haƙa rami a tsawon layin dam ɗin tun daga wannan gaɓa har waccan, a nutsa har a wuce yashi da tsakuwa a tarar da yumɓu mai tauri ko dutse, a ƙara shiga cikinsa kamar santimita 60. Faɗin gindin ramin ya kai mita uku don rola ta iya shiga. Wannan rami ake cikewa da yumɓu mafi kyau da aka samu, a ci gaba da ɗaga shi a tsakiyar bangon har sama. Shi ne zuciyar dam. Mai kwangilar da ke son cin riba a nan yake fara ci, domin ya san da an rufe, magana ta ƙare. Idan an bar jijiyar yashi ko da mai kaurin tafin hannu ce a ƙarƙashi, ruwa zai same ta.

Ƙasar gini ma ba kowace ba ce. Wadda ake so ita ce mai yumɓu kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, sauran yashi da ƙananan tsakuwa. Yumɓu zalla, musamman baƙar laka mai kumbura da damina, tsagewa take yi da rani har hannu ya shiga. Yashi zalla kuwa rariya ne. A fili ana gwadawa da hannu: a jiƙa ƙasar, a murza ta a tafin hannu ta zama siririyar igiya mai kaurin fensir. In ta miƙe ba ta karye ba, akwai yumɓu. Akwai gwaji na biyu da mutane da yawa ba su sani ba, kuma ya fi na farko muhimmanci. A ɗauki busasshen ɗan curi, a saka shi a hankali cikin kofin gilashi mai ruwan sama ko tataccen ruwa, kada a motsa. Idan cikin 'yan mintuna wani farin hazo ya kewaye curin ya bazu cikin ruwan, wannan yumɓu ne mai narkewa, kuma shi ne mugun cikinsu. A ido ba shi da aibi, a murza yana da danƙo, amma ruwa na ratsa shi zai kwashe shi ƙwaya-ƙwaya ya bar rami.

Ana zuba ƙasar ne shimfiɗa-shimfiɗa, kowace kada ta wuce santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a bi ta da rola mai ƙusoshi sau shida zuwa takwas. Damshin da ake so shi ne wanda in ka dunƙule ƙasar a hannu za ta riƙe siffarta ba tare da ta jiƙa maka tafi ba. Katafila ba rola ba ce. An yi sarƙarta ne don ta watsa nauyi kada ta nutse, saboda haka ko sau nawa ta bi, sama-sama take dannawa. Dam da yawa da ake cewa an danne su, katafila ce kawai ta yi ta kai da kawowa a kansu.

Ga misalin da zan riƙe har ƙarshe. Dam mai tsayin mita 6. Faɗin kansa mita 3. Fuskar da ke kallon ruwa, kowace mita ɗaya ta tsayi a ba ta mita 3 na kwanciya. Ta baya a ba ta mita 2.5. Gindinsa ke nan ya kai mita 36 a wurin da ya fi zurfi. Mai dam kan ga wannan faɗi ya ce ɓarnar ƙasa ce, a tsuke. In aka tsuke, bango ya miƙe tsaye, ranar da ya sha ruwa ya ƙoshi sai bayansa ya zaftare. Ana kuma ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a kan tsayin, ya fi tudu a tsakiya, domin ƙasa za ta zauna a shekarun farko.

Yanzu ruwan. Daga cikin mita 6 ɗin nan, 4.5 ne na ruwa. Mita ɗaya da rabi na sama ba na mai dam ba ne, na ambaliya ne da igiyar ruwa. A ce faɗin ruwan a jikin bango mita 120 ne, ya kuma koma baya cikin kwari mita 400. Lissafin gaggawa da muke yi shi ne a ninka faɗi da tsawo da zurfi, a raba shida. Zai ba da kubik mita 36,000, wato lita miliyan 36. Shanu ɗari, kowace tana shan lita 40 a rana, kubik mita 4 kawai suke ɗauka. Hekta ɗaya ta kayan lambu a lokacin zafi tana cin 60 zuwa 70 a rana. Amma babban mai sha ba saniya ba ce, ba lambu ba ne. Rana ce. A ƙasa mai zafi da bushewa, ruwa na iya sauka milimita 7 a rana ta tururi kaɗai. A fuskar ruwa mai faɗin hekta 2.4, wannan ya kai kubik mita 168 kullum, fiye da abin da hekta biyu na lambu za su sha.

Tafkin dam kamar mazurari yake, sama faɗi, ƙasa tsukakke. Saboda haka mafi yawan ruwan a sama yake. Idan ba a taɓa ko guga ɗaya ba har wata shida, ruwan zai sauka kamar mita ɗaya da kwata, mai dam ya duba ya ga har yanzu da sauran zurfin fiye da mita uku, ya ɗauka bai yi asarar komai ba. Alhali wajen kashi 60 cikin ɗari ya tafi. Shi ya sa nake ce wa masu noman rani su yi shukarsu da wuri, su ci ruwan sama-saman tun rana ba ta cinye shi ba, su bar na ƙasa wa dabbobi. Shi ya sa kuma kwari mai zurfi da tsukakken baki ya fi shimfiɗaɗɗen fili, ko da na biyun ya fi cika ido.

Wannan lissafin dai shi ne tarkon. Tun da ruwan a sama yake, ƙarin rabin mita a kan 4.5 zai ƙara wa tafkin fiye da kashi ɗaya bisa uku. Mai dam ba ya bukatar takarda kafin ya gane haka. Yana tsaye a ƙarshen damina yana kallon ruwa na ficewa ta mafita, ga rani na tafe, sai ka ji ya ce, "Injiniya, ruwan nan fa asara yake yi. In aka ɗan jera buhunan yashi biyu-biyu a bakin mafitar nan, me zai faru?" Amsar da nake bayarwa ba ta canzawa: "Alhaji, bana wataƙila ba abin da zai faru. Baɗi ma haka. Matsalar ke nan."

Mafitar rarar ruwa ita ce ran dam na ƙasa. Hanya ce mai faɗi da ake yankawa a gefe, cikin ƙasar asali da ba a taɓa ba, ba a kan bangon da aka zuba ba, ta zagaya da ruwan ta sauke shi can nesa da gindin dam. Girmanta ba daga girman tafki ake auna shi ba, daga faɗin ƙasar da ke zubo masa ruwa ne. A ce hekta 100 ce ke gangarowa cikin kwarin. Aka yi ruwa mai ƙarfin milimita 60 a awa, kashi 40 cikin ɗari ya gudana bai nutse ba. A ninka 0.4 da 60 da 100, a raba da 360: kusan kubik mita 7 a kowace daƙiƙa. Cikin awa ɗaya an sami kubik mita 24,000, kashi biyu bisa uku na tafkin gaba ɗaya. In ruwan ya tarar da dam a cike, duk wannan sai ya fita ta wani wuri. Mita ɗaya ta faɗin mafita, da ruwa mai zurfin rabin mita a kanta, tana fitar da kamar kubik mita 0.6 a daƙiƙa. Ana bukatar faɗin mita 12 ke nan, ni kuwa 15 nake yankawa. Wannan lissafin somin-taɓi ne don mutum ya gane girman abin. Na gaskiya sai da bayanan ruwan sama na yankin, kuma in akwai gidaje a ƙasa, ambaliyar da ake yi wa shiri ta fi wannan nesa ba kusa ba.

To a dawo kan buhunan. Mita ɗaya da rabi aka bari. Buhuna sun ci rabin mita. Ambaliya za ta hau rabin mita a kansu. Bangon ya zauna da santimita 30 a tsakiya tun shekarun farko, ba wanda ya auna balle ya cike. Saura santimita 20. Ga kuma wurin da shanu suka mayar hanya, sun tattake shi ya yi kwari. Iska ta taso da igiyar ruwa. Ta nan zai fara tsallakawa, siriri, kamar ba komai. Bangon ƙasa kuwa ba ya jure ruwa a kansa. Ruwan zai fara cin bayan bango daga ƙasa, ya yanka ɗan tsani, tsanin ya riƙa ja da baya yana cin gaba har ya iso kan dam. Da ya yanke kan, baki ya buɗe, ƙarin ruwa na ƙara faɗaɗa shi. A ƙaramin dam, daga tsallakawa zuwa wofintar tafki sau da yawa ba ya kai awa biyu. A ƙididdigar Amurka, kusan kashi ɗaya bisa uku na madatsun da suka ɓalle ta wannan hanyar suka tafi.

Ba sabon abu ba ne. Dam ɗin South Fork a jihar Pennsylvania ta Amurka na ƙasa ne, kuma mallakar wata ƙungiyar masu kuɗi ce ta kamun kifi da farauta. An rage tsayin kansa don keken doki ya sami faɗin wucewa, an sa raga a bakin mafita kada kifi ya tsere, bututun da ake rage ruwa da su kuma an riga an cire tun kafin su saya, ba su mayar ba. Ranar 31 ga Mayu 1889 ruwa ya tsallake shi, ya sauka kan garin Johnstown, mutum 2,209 suka mutu. Ragar kifin nan har gobe ina tarar da ita a bakin mafita a gonakin kifi. Ranar ambaliya ciyawa da rassa ke toshe ta cikin mintuna, ta koma bango. A tsibirin Kauai na Hawaii, dam ɗin Ka Loko, shi ma na ƙasa kuma na mai zaman kansa, ya ɓalle ranar 14 ga Maris 2006 ya kashe mutum bakwai, bincike kuma ya nuna an cike mafitarsa da ƙasa.

Hanya ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Kowane dam na ƙasa yana tsattsafo, wannan ba aibi ba ne. Ruwa na ratsa jikin bango a hankali, aikin mai gini shi ne ya sa ya fita ta gindi, ta cikin matatar yashi da tsakuwa da aka shimfiɗa a ƙafar bango ta baya, yadda ruwa zai wuce ƙasa ta tsaya. Abin tsoro shi ne ranar da ruwan ya fara fita da ƙasa. Yana ɗaukar ƙwaya daga bakin da yake fita, ramin ya riƙa ci da baya zuwa cikin bango yana nufar tafki. Daga waje dam na nan lafiya lau, ciyawa kore shar. A ciki kuwa an yi bututu. Ranar da ya huda zuwa tafki, rufinsa ya rufta, shi ke nan.

Ga yadda ake gane shi, kuma ba ya bukatar na'ura. A je inda ruwan ke fitowa da kwalbar gilashi mai tsabta, a tara, a ɗaga ta a rana. In ruwan garau yake, a ajiye kwalbar a kan dutse minti goma a sake dubawa. Wani lokaci sai ka ga siririn layin ƙasa ya kwanta a gindinta, launinsa irin na yumɓun da aka gina zuciyar dam da shi, ba irin na ƙasar wurin ba. Wannan layin jikin dam ne ke fita. Sannan a durƙusa a dubi bakin ramin da kyau: in akwai ɗan tulin lallausan yashi da ya kewaye shi, ruwa na ɓulɓulowa a tsakiya yana juya ƙwayoyin, aiki ya riga ya fara. A kuma auna yawansa: a tattara yoyon ya bi ta guntun bututu ɗaya, a tara bokiti mai lita 10, a duba daƙiƙa nawa yake cika, a rubuta tare da tsayin ruwan tafki a ranar. Yoyon da ke ƙaruwa in tafki ya hau, ya ragu in ya sauka, na yau da kullum ne. Wanda ke ƙaruwa alhali tafki na nan yadda yake, shi ne ke hana ni barci.

In an ga haka, kuskuren da kowa ke yi shi ne ya toshe bakin da yumɓu ko siminti. Kada a yi. Ruwan da aka hana fita zai taru a cikin bango ya ƙara matsi, ya ɓullo ta wani wuri ko ya zaftare bayan gaba ɗaya. Abin yi shi ne a rufe wurin da yashi mai kauri kamar santimita 30, a ɗora tsakuwa, a ɗora duwatsu, ruwa ya ci gaba da fita amma garau. In ɓulɓulowa yake daga ƙasa, a kewaye shi da buhunan yashi a yi masa zobe, ruwan ya taru a ciki ya danne kansa har ya daina ɗauko ƙasa. Duk wannan sayen lokaci ne. Maganin shi ne a rage ruwan tafki, a kira injiniya, a kuma sanar da na ƙasa tun da rana. Dam ɗin Teton a jihar Idaho ta Amurka, mai tsayin mita 93, wanda gwamnati ta gina da ƙwararrunta, da safiyar 5 ga Yuni 1976 aka ga gurɓataccen ruwa na fita daga jikinsa, kafin azahar ya tafi. Cikarsa ta farko ke nan. Ƙaramin dam ma haka yake: cikar farko ita ce jarrabawarsa, a bar shi ya cika a hankali, a riƙa zagaya shi kullum.

Wurin da wannan cuta ta fi kamawa shi ne jikin bututun fitar da ruwa da ya ratsa ƙarƙashin bango. Ƙasa ba ta dannuwa da kyau a ƙarƙashin abu mai zagaye, sai a bar 'yar hanya a tsawonsa. Shi ya sa ake kwantar da bututun a kan gadon kankare cikin ƙasar asali, a danne gefensa da hannu, a kuma kewaye shi da katangar yashi mai tacewa a ɓangaren baya. Bawul ɗinsa, wato makullin buɗe ruwa da rufewa, a gefen tafki ya kamata ya kasance. In an sa shi a baya, don ya fi sauƙin kaiwa, bututun zai zauna cike da matsin tafki dare da rana, ranar da ya tsage a tsakiya zai riƙa fesa ruwa cikin zuciyar dam. Bututun kwano mai tudu da kwari kuwa tsatsa ke cinye gindinsa cikin 'yan shekarun da ba su kai rayuwar dam ba. A haska tocila a ciki sau ɗaya a shekara. A kuma buɗe bawul a rufe aƙalla sau biyu a shekara, domin wanda aka bari shekara biyar ba a taɓa ba, ranar bukata ba zai motsa ba. Dam da ba shi da bututu sam, a tanadi tiyo mai faɗin inci huɗu ko shida da za a ɗora ta kan bango a zuƙo ruwa da shi.

Rage ruwan ma da ƙa'ida. In ba gaggawa ba, kada ya wuce santimita 15 zuwa 30 a rana. Bangon da ya daɗe a jiƙe yana riƙe da ruwa a cikinsa, kuma ruwan tafki ne ke tokare da shi. A janye tafkin da sauri, sai fuskar gaba ta sulale ta faɗa ciki.

Sai bishiya. Mai dam na son inuwa a kan bangonsa, ni kuwa ba na son ganin ko tsiro mai itace a jikinsa, har zuwa mita biyar ko fiye daga ƙafarsa. Saiwa ruwa take nema, za ta ratsa bango ta same shi. Muddin bishiyar na raye, saiwar na toshe da ramin da ta yi. Ranar da ta mutu ko aka sare ta, saiwar ta ruɓe ta bar hanya. In iska ta tumɓuke ta kuma, da guntun bango za ta tafi. Ƙanana a cire su tun suna ƙanana. Wadda ta riga ta girma ba a sare ta a tafi: sai an rage ruwa, a tono kututturen da manyan saiwoyi, a cike ramin shimfiɗa-shimfiɗa a danne. Dam ɗin Kelly Barnes a jihar Georgia, mai tsayin kamar mita 12, bayansa a tsaye yake kuma bishiyoyi sun rufe shi. Ya ɓalle cikin dare ranar 6 ga Nuwamba 1977, mutum 39 suka mutu a ƙasansa, yawancinsu suna barci. Abin da ake so a jikin bango shi ne gajeriyar ciyawa mai yaɗo irin ƙiri-ƙiri, a riƙa yanke ta. Ba don kyau ba: ba ka iya ganin tsaga ko rami a cikin ciyawar da ta kai ƙugu. Gara da gafiya ma a nan suke samun mafaka. Suri a jikin dam ba a fasa kansa kawai a wuce, sai an tone shi har ɗakin uwar, a cike. Fuskar gaba kuma, inda igiyar ruwa ke duka, a jera duwatsu a kan shimfiɗar tsakuwa. In babu tsakuwar, ruwa zai zuƙe ƙasar ta tsakanin duwatsun su nutse.

Tsaga iri biyu ce. Wadda ta bi tsawon bango tana nuna gefe ɗaya na shirin zamewa, musamman in leɓe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko ƙafar bango ta kumburo. Wadda ta gitta bango daga gaba zuwa baya ta fi muni ko da siririya ce, domin hanya ce da aka riga aka share wa ruwa. An fi samun ta kusa da gaɓa, inda bango mai tsayi ya zauna fiye da gajere. A kafa turaku biyu a gefenta, a auna tazararsu duk mako.

Dabbobi kada su sha a jikin dam. A kewaye bango da mafita da waya, a ja bututu zuwa kwami a ƙasa. Wannan na kare bango, yana kuma kare ruwan daga kashi da taɓo. Ruwan tafki ba na sha ba ne sai an tace an tafasa ko an sa masa magani. Rijiyar da aka haƙa can ƙasa da dam, nesa da ƙafarsa, ta fi shi tsabta, kuma sau da yawa ita ce babbar ribar dam ɗin, domin ruwan da ke nutsewa yana ɗaga na ƙarƙashin ƙasa har rijiyoyin maƙwabta su daɗe ba su ƙafe ba. Gefen tafki marar zurfi mai ciyawa kuwa gidan sauro ne da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, sai a riƙa share shi. Yara kuma suna nutsewa a irin wannan ruwa fiye da yadda ake zato, saboda gangaren yumɓu santsi gare shi, wanda ya zame ba ya samun abin kamawa. Laka ma na cin tafki a hankali. In gonakin sama a tsirara suke ba ciyawa, cikin shekara goma zuwa ashirin za a iya rasa babban kaso na zurfin, kuma wannan ne ke sake tura mai dam wajen buhuna. Gyaran a sama yake: a bar zirin ciyawa a bakin kwari, a dasa jema a kan gangara, a yi ƙananan shingayen dutse da za su tare laka kafin ta iso.

Hatsarin dam ba a tsayinsa ake auna shi ba, a abin da ke ƙasansa ne. Hukumomi kan kasa madatsu kashi uku: wanda in ya ɓalle za a rasa rai, wanda za a yi asarar dukiya ko hanya, da wanda ɓarnarsa ba za ta wuce filin mai shi ba. Dam na iya tashi daga aji na uku zuwa na farko ba tare da an taɓa shi ba, don kawai wani ya gina gida a kwarin. A Solai da ke gundumar Nakuru ta Kenya, dam na ƙasa a cikin wata gona mai zaman kanta ya ɓalle da daren 9 ga Mayu 2018, ya bi ta kan gidajen da ke gangare, mutum 48 suka rasu. Dokoki sun bambanta. A Ingila, tafkin da ya wuce kubik mita 25,000 sama da ƙasar da ke kewaye dole a yi masa rajista, wanda ke da hatsari ga rayuka kuma a sa injiniya mai lasisi ya riƙa duba shi. Misalinmu na 36,000 ya shiga ciki ke nan. A wurare da yawa kuwa ba mai tambaya. Amma kusan ko'ina, in ruwa ya yi ɓarna, mai dam ake nema. Don haka ya taka da ƙafarsa ya bi kwarin kilomita biyu ko uku, ya san gida nawa ne a hanyar ruwa, ya karɓi lambar wayar mutum biyu a kowane rukuni, a kuma yarda tun yanzu wane tudu za a hau. Ba a bin kwari a guje wa ruwa, gefe ake yi a hau sama. Alamomin da ba a jira a kansu: ruwa ya kusa kan bango kuma ana ci gaba da ruwan sama, gurɓataccen yoyo mai ƙaruwa, rami ya faɗa a kan dam, ko ruwan tafki na juyawa wuri ɗaya kusa da bango.

Zagayen dubawa sau ɗaya ne a wata, da kuma bayan kowane babban ruwa, da littafi a hannu. A bi kan bango, a dawo ta ƙafarsa, a shiga mafita har inda take zubarwa, domin kwazazzabo daga can ƙasa yake farawa ya riƙa hawowa. Kafin damina a sa na'urar awo a kan bango duk mita goma a nemo inda ya fi ƙasa, tun da wannan wurin ne ainihin tsayin dam.

Akwai kuma dam da ya tsufa, magada ba sa amfani da shi, ba mai kuɗin gyara. Irin wannan ba a barin sa haka nan cike da ruwa. Da rani ake zuƙe shi a hankali, a yanka bango har ƙasan kwari, faɗin yankan ya kai na rafin asali ko ya fi, a kwantar da gefunansa, a shuka ciyawa a kan lakar da ta taru kafin ruwan farko ya kwashe ta zuwa gonakin mutane. Ƙasar da aka yanko a baza ta nesa da hanyar ruwa, a kuma sanar da hukumar ruwa ta yankin don a cire shi daga rajista.